Har zuwa yaushe yaro zai riƙa kwana da takalmin ƙarfe bayan an gyara masa murɗaɗɗiyar ƙafa?

Maman Auta:

Assalamu alaikum, iyaye da ma'aikatan lafiya. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da muka yi makonni muna jayayya a kansa ni da maigidana, kuma har yanzu ba mu tsayar da magana ɗaya ba.

An haifi ɗana da murɗaɗɗiyar ƙafar dama, tafin yana kallon ciki, diddigen kuma a ɗage. Yana da kwana 12 a duniya aka fara ɗaura masa siminti, ana sauyawa duk mako har sau 6, sannan aka yi masa ɗan ƙaramin yanka a agara, aka mayar da siminti na ƙarshe na tsawon mako 3. Daga nan aka ba mu takalman nan guda biyu da aka haɗa da sandar ƙarfe. Wata 3 na farko yana sanye da su sa'a 23 a kowace rana, ba ma cirewa sai lokacin wanka, bayan haka aka ce mu koma sa masa da dare da kuma lokacin barcin rana. Ba na yabon kaina, amma zan iya ƙirga dararen da ya kwana babu takalmin da yatsun hannu ɗaya.

Yanzu shekararsa 2 da wata 7. Yana gudu, yana hawa kujera ya diro, yana tsugunawa tafin ƙafarsa shimfiɗe a ƙasa, kuma wanda bai san tarihinsa ba ba zai gane wace ƙafa aka yi wa aiki ba, sai dai in ya lura da cewa sha-raɓarsa ta dama ta ɗan fi ta hagu sirantaka. Matsalar ita ce likitan da ya fara yi masa aiki ya gaya mana tun farko cewa sai ya cika shekara 4, wataƙila ma 5, amma wani likita da ya duba shi a zuwanmu na baya ya juya ƙafar sama da ƙasa, ya sa shi ya yi tafiya a gabansa, ya ce ta yi kyau ƙwarai, kuma a ganinsa za mu iya ajiye takalmin in ya cika shekara 3. Maigidana ya riƙe maganar likita na biyu hannu bibbiyu, har yana cewa tunda saura wata 5 ne, me zai hana mu hutar da yaron tun yanzu.

Ba na ganin laifinsa, domin kimanin mako 6 ke nan dare ya zama mana tashin hankali. Yaron da a da yakan miƙo ƙafa da kansa, yanzu da ya ga na ɗauko takalmin sai ya ruga bayan ƙofa. Tsakar dare yakan farka ya riƙa buga sandar a jikin gado, ya kuma koyi kwance maɗaurin tsakiya, sau da yawa da asuba nakan tarar da diddigen dama ya zame ya fito, takalmin yana lilo a kan yatsunsa.

Tambayata ita ce, da me ake yanke wannan hukunci? Da shekaru ne ko da yadda ƙafar take? Idan ƙafa ta yi kyau haka, mene ne amfanin ƙarin shekara ɗaya ko biyu? Kuma wannan ƙin takalmin da ya fara ba zato ba tsammani, alama ce ta cewa ya daina buƙatarsa, ko kuwa wani abu ne dabam?

Baban Ummi:

Wa alaikumus salam, Maman Auta. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, uba ne kawai da ya taɓa tsayawa daidai inda maigidanki yake tsaye yanzu, don haka ina roƙon ki karanta masa abin da zan rubuta.

'Yata ƙafafunta biyu ne aka gyara. Ba mu taɓa zama mun yanke shawarar daina sa mata takalmin ba, kuma wannan ne abin da nake so ku lura da shi. Tana da shekara 2 da 'yan watanni ta yi zazzaɓi mai zafi, muka ce a bar ta ta huta mako guda. Da ta warke muka mayar, ta yi kuka kwana biyu, muka ce a ƙara mata kwanaki. Daga nan ya zama yau a sa, gobe a bari, har wata rana na ɗauko takalmin na ga ya yi mata kaɗan, ban koma an sauya ba. A lokacin ƙafafun sun yi kyau kamar yadda kike bayyana na ɗanki, ni kuwa a raina na ce ai aiki ya ƙare.

Kimanin wata 8 babu abin da muka gani. Abin da ya fara jan hankalina ma ba ƙafar ba ce, takalminta na yawo ne: na hagu ya cinye ta gefen waje, gefen ciki kuwa kamar sabo. Da na tsaya a bayanta ina kallo tana tafiya, sai na ga duk lokacin da ta ɗaga ƙafar hagu gaban ƙafar yana karkata ciki, ta sauke a kan gefen ƙaramin yatsa, diddigen kuma ba ya taɓa ƙasa sosai. Ƙafa ta fara komawa gidan jiya a gabanmu, muna kallo kullum ba mu gani ba, saboda a hankali take tafiya.

Abin da ya biyo baya ya fi kukan dare wahala nesa ba kusa ba. Siminti a ƙafar jariri abu ne mai sauƙi, domin dama a kwance yake. Siminti daga yatsu har cinya a ƙafar yarinya 'yar shekara 3 wadda ta saba gudu, tana kallon sa'o'inta suna wasa ita kuma sai an ɗauke ta, wannan wani abu ne dabam. Sau 3 aka ɗaura mata, muka koma kan takalmin da muka guje wa, kuma duk da haka daga baya sai da aka yi mata tiyata aka sauya wa wata jijiya mazauni a ƙafar hagu, ta sake yin mako 6 a siminti. Alhamdulillahi yanzu tana tafiya lafiya. Ba zan rantse cewa da mun ci gaba da takalmin ba za a yi tiyatar ba, likitanta ma bai ce haka ba. Amma na san cewa mu muka buɗe ƙofar, kuma hujjarmu a lokacin ita ce wadda maigidanki yake kawowa yau, wato ƙafa ta yi kyau.

Mai Gashin Ƙashi:

Maman Auta, sannu da ƙoƙari. Shekara biyu da rabi ana ɗaura takalmi kowane dare ba ƙaramin aiki ba ne. Na daɗe ina aiki da yara masu irin wannan ƙafa, zan amsa miki gwargwadon abin da na sani, tare da tunatar da ke cewa ban taɓa ƙafar ɗanki da hannuna ba, don haka hukuncin ƙarshe yana wurin wanda ya taɓa.

Zan fara da tambayarki ta biyu, domin ita ce tushen sauran. Takalmin ba ya gyara ƙafa. Siminti da yankan agara su suka gyara ta, aikin takalmin shi ne riƙe gyaran. Abin da ya murɗe ƙafar tun a ciki bai tafi ba ranar da aka cire siminti na ƙarshe. Jijiyoyi da tsokokin da ke gefen ciki da bayan irin wannan ƙafa sun fi na lafiyayyiyar ƙafa tauri da gajarta, kuma suna da halin sake tsukewa muddin ƙafar tana girma da sauri. Girman ƙafa a farkon rayuwa kuwa ba na wasa ba ne, domin ƙafar yaro namiji takan kai rabin tsawon da za ta yi a girmansa tun yana wajen shekara ɗaya da rabi. Ƙashi yana ƙara tsawo, jijiyar da ke da tauri ba ta biye masa da sauri, sai ta ja ƙafar ta koma inda ta fito. Takalmin da ke buɗe ƙafar waje tsawon dare shi ne ke miƙar da waɗannan jijiyoyi su yi tafiya tare da ƙashin. Wannan hali na tsukewa yana raguwa ne sannu a hankali, ya yi sanyi sosai wajen shekara 4 zuwa 5, shi ya sa komawar ƙafa ta fi yawa kafin wannan lokaci, ta yi ƙaranci bayansa, ta zama abu mai wuyar gani bayan shekara 7. Saboda haka kyawun da kike gani a ƙafar ɗanki yau shaida ce cewa takalmin yana aikinsa. Ba ya gaya mana yadda ƙafar za ta kasance bayan wata 8 babu shi, kuma babu wani hoto ko gwajin jini da zai gaya mana.

Yana da kyau ki san daga ina waɗannan shekaru suka samo asali, domin ba da ka aka faɗe su ba. Wanda ya tsara wannan hanyar magani shi ne Dakta Ignacio Ponseti, likitan ƙashi haifaffen Sifen da ya yi aikinsa a Jami'ar Iowa ta Amurka har rasuwarsa a 2009. A rahoton da ya fitar a 1963 kan ƙafafu 94, fiye da rabinsu sun sake murɗewa bayan an gyara su, a zamanin da ake ajiye takalmin da wuri idan aka kwatanta da yanzu. Da aka ga haka sai aka riƙa tsawaita lokacin ana kuma tsananta wa iyaye bayani, komawar ta ragu ƙwarai. Alƙaluman da likitocin Iowa suka fitar daga baya sun nuna cewa a cikin iyalan da suka bi ƙa'idar takalmin kimanin kashi 6 cikin 100 ne ƙafar ta koma, a cikin waɗanda ba su bi ba kuwa fiye da kashi 80 cikin 100. Ƙa'idar da galibin asibitoci ke bi a yau ita ce wadda likitanku na farko ya faɗa: sa'a 23 a rana na wata 3, sannan sa'a 12 zuwa 14 a dare da barcin rana har shekara 4, wasu kuma har 5. Akwai likitocin da kan sassauta wa wasu yara a shekara 3, kuma ba jahilci ne ya sa su ba, sai dai su ne 'yan tsiraru.

To, da me ake yanke hukunci? Shekaru su ne ginshiƙi, sauran abubuwa kuma su ke sa a matsa gaba ko a tsaya. Likita yakan duba yadda ƙafar take tun farko, domin akwai ma'aunin da ake kira na Pirani, daga 0 zuwa 6, kuma ƙafar da ta fara da maki mai yawa, ko ta ci siminti da yawa kafin ta miƙe, ta fi buƙatar a yi taka-tsantsan da ita. Yakan duba ko ta taɓa komawa a baya, domin wadda ta koma sau ɗaya ba a gaggawar sakinta. Yakan duba ko murɗewar ita kaɗai ce ko tana tare da wata lalura, kamar tsagewar ƙashin baya ko ƙagewar gaɓoɓi ta haihuwa, waɗanda ƙafafunsu suka fi taurin kai. Sannan ya gwada da hannunsa: idan aka miƙe gwiwa aka tura tafin ƙafa sama, digiri nawa take wuce kusurwar tsaye? Muna son ganin 10 zuwa 15 ko fiye. Diddige yana tsaye ne ko ya fara karkata ciki? Tsokokin da ke jan ƙafa waje suna da ƙarfi? Wannan na ƙarshe ana yawan mantawa da shi, alhali yaron da ba ya iya jan ƙafarsa waje da kansa idan an sosa masa gefenta ya fi shiga haɗari. Ina ba ki shawara ki koma ki tambayi likitan nan na biyu a kan wanne daga cikin waɗannan ya gina maganarsa, ki kuma nemi su biyun su daidaita bakinsu, domin bai kamata a bar ku ku zama alƙalai tsakanin likitoci ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a cikin rubutunki, wato yaron da ya yi shekara biyu yana miƙo ƙafa ya koma gudu a cikin mako 6, kuma diddigen dama ne kaɗai ke zamewa. Ƙin takalmi ba ya nufin an daina buƙatarsa. Ga wanda ya saba, sauyin hali irin wannan yakan fito daga ɗayan abubuwa uku. Ko dai takalmin ya yi masa kaɗan, ko sandar ta gajarce masa, domin tazarar da ke tsakanin diddigen takalman biyu ya kamata ta yi daidai da faɗin kafaɗunsa, kafaɗa kuma tana faɗaɗa ba tare da kowa ya lura ba. Yaron da sandarsa ta gajarta ba ya samun yadda zai kwanta ya sake. Ko kuma agarar ta fara tsukewa, diddigen ya daina sauka har ƙasan takalmin, sai ya riƙa zamewa komai ƙarfin ɗauri, wannan kuwa yana cikin alamun farko na komawar ƙafa. Ko kuma, a ƙarshe, shekarunsa ne kawai, domin ɗan shekara biyu da rabi yana gwada iyayensa a kan komai. Na ukun ne kaɗai haƙuri da dabara ke magancewa, na farko da na biyu sai an duba. Kada ku jira ranar da aka ba ku, ku kai shi a cikin makon nan tare da takalmin.

Kafin ku je, ki duba waɗannan da kanki. Ki ɗora sandar a bayan kafaɗunsa ki ga ko faɗin ya yi daidai. Ki ga ko yatsunsa sun zarce bakin takalmin har suna lanƙwashewa ƙasa. Ki leƙa ta ramin da ke bayan takalmin ki tabbatar diddigen ya zauna, ki fara ɗaure maɗaurin tsakiya kafin sauran, domin shi ke riƙe diddige. Da safe ki duba fatar bayan diddige da saman ƙafa, jan da bai washe ba bayan kamar minti 20, ko bororo, abin kai wa asibiti ne. Kada kuma ku taɓa kusurwar da aka saita da kanku. Bisa al'ada ƙafar da aka gyara tana buɗe waje digiri 60 zuwa 70, lafiyayyiyar kuma 30 zuwa 40, likita ne ke rage ta idan ya ga dalili.

Maman 'Yan Biyu:

Na amfana da bayanin malama mai gashin ƙashi, kuma ban zo in musanta shi ba, sai dai ina so in ajiye ɗaya ɓangaren domin kada mai tambaya ta ɗauka duk wanda bai kai shekara 4 ba ya yi sakaci.

Mu mun tsaya ɗana yana da shekara 3 da rabi, da yardar likitansa. Ƙafarsa ɗaya ce, mai sauƙi tun farko, siminti 4 kawai ta ci, ba ta taɓa komawa ba. Daga shekara 3 barci ya gagare shi gaba ɗaya. An sauya takalmi, an ƙara sanda, an gwada irin sandar nan mai gaɓa da ke barin kowace ƙafa ta motsa dabam, an rage kusurwa, duk a banza. Wata 5 muka yi a haka, yaro yana wuni a galabaice, ɗan'uwansa da suke ɗaki ɗaya shi ma ba ya barci, ni kuma ina zuwa aiki ido a kumbure. Likitan ya zaunar da mu ya ce haɗarin komawa a wannan shekara ya ragu amma bai ƙare ba, ya ce idan mun zaɓi tsayawa to da sharaɗi: mu riƙa miƙar masa da agara safe da yamma kamar yadda aka koya mana, mu kawo shi duk wata 3 ba fashi, kuma mu amince tun yanzu cewa da an ga alama za a koma siminti da takalmi babu gardama. Yanzu shekararsa 7, ƙafar tana nan lafiya.

Ba na kawo wannan a matsayin hujja, domin labarin yaro ɗaya ba ya zama doka, kamar yadda na Baban Ummi ma bai zama ba. Akwai ma wani abu da likitan namu ya faɗa game da waɗannan alƙaluma wanda ya zauna mini a rai. Ya ce wani lokaci ba barin takalmi ne ke sa ƙafa ta koma ba, ƙafar ce ke fara komawa, takalmin ya daina zama, yaro ya ƙi shi, iyaye su gaji su bari, sannan a rubuta su cikin marasa bin ƙa'ida. Ya kuma ce akwai yaran da iyayensu ba su yi fashin dare ɗaya ba amma ƙafar ta koma. Na faɗi wannan ne saboda iyayen da ke ɗora wa kansu laifin da ba nasu ba.

Duk da haka, Maman Auta, in za ki ji tawa, tsakanin shekara 2 da wata 7 da shekara 3 da rabi akwai tazara mai yawa, kuma ku ba ku gwada ko ɗaya daga cikin gyare-gyaren da muka gwada ba tukuna. Bambancin da ke tsakanina da Baban Ummi ba a adadin watanni kaɗai yake ba: shi takalmin ya suɓuce masa ne ba tare da sanin likita ba, mu kuwa mun ajiye shi a gaban likita, da ranar komawa a rubuce. Da ni ce ke, ba zan yi maganar tsayawa yanzu ba.

Maman Auta:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigidana amsoshinku, a daren kuma muka gwada sandar a kafaɗun yaron, shi da kansa ya riƙe. Ta gaza da kusan faɗin yatsu uku, yatsun ƙafar kuma sun zarce bakin takalmin. Kunya ta kama ni, domin kullum a duhu da gaggawa nake ɗaurawa, ban taɓa tsayawa na duba ba.

Jiya muka je asibiti, muka dace da likitan farko. Ya auna ƙafar ya ce tana hawa sama digiri 15, diddigen yana tsaye, babu alamar komawa. An sauya takalmi zuwa mai girma, an ƙara tsawon sanda. Ya ce zai yi magana da abokin aikinsa, amma matsayinsa bai sauya ba: shekara 4, sannan a zauna a duba ko za a ƙara, saboda ƙafar ta fara da maki 5 da rabi. Maigidana ya amince, duk da ya ce shi dai har yanzu yana tausayin yaron. Daren jiya ya farka sau ɗaya, ya yi ƙoƙarin kwance maɗaurin bai iya ba, ya koma barci.

Saura tambaya ɗaya ga malama. Ya fara daina barcin rana, wani lokaci kwana uku a jere ba ya yi. Shin sa'o'in dare kaɗai sun isa?

Mai Gashin Ƙashi:

Madalla, na yi farin ciki da wannan labari. Babu abin kunya a ciki, gajeriyar sanda tana cikin abubuwan da muka fi gani, kuma mu ma'aikata ya kamata mu riƙa aunawa a kowane zuwa.

Abin da ake ƙirgawa shi ne jimillar sa'o'i, ba sunan barcin ba. Idan ya daina barcin rana, ba a tilasta masa zama da takalmi da tsakar rana lokacin da ya kamata ya yi gudu, domin gudu da tsalle da tafiya ba takalmi su ma suna ƙarfafa ƙafar. Abin da za ki yi shi ne ki sa masa tun da wuri da yamma, kamar sa'a ɗaya kafin ya kwanta, lokacin da yake zaune ana yi masa hira, da safe kuma kada ki yi saurin cirewa da zarar ya buɗe ido. Ta haka za ki kai sa'a 12 ko kusa da haka. Ina ba ki shawara ki riƙa rubuta lokacin sawa da na cirewa na tsawon mako biyu, domin binciken da aka yi ta hanyar saka na'urar ƙirga lokaci a jikin takalman ya nuna cewa iyaye sukan zaci sa'o'in sun fi yadda suke a zahiri. Ki tafi da takardar a zuwanku na gaba.

Game da kwance maɗauri, ki juya bakin maɗauran su koma gefen da hannunsa ba ya kaiwa da sauƙi idan irin takalmin ya ba da dama, ko ki zura babbar safa a kan kowane takalmi bayan kin ɗaure, ki kuma naɗe sandar da ƙyalle mai laushi saboda bugun gado. Ko bayan an ajiye takalmin a shekara 4 ko 5, za a ci gaba da duba shi lokaci-lokaci har ƙafar ta gama girma. A gida kuwa, sau ɗaya a wata ki sa shi ya tsuguna ki ga ko diddigen dama yana taɓa ƙasa, ki ce ya yi tafiya a kan diddigensa, ki tsaya a bayansa ki kalli yadda yake sauke ƙafar, sannan ki juya takalminsa na yawo ki duba ta wane gefe yake cinyewa.